Shaihu Umar da Uncle Tom's Cabin: Me Dokar Zamaninsu Ta Ce Game da Bawa?

Tambaya

Wata malamar adabi a wata sakandaren 'yan mata da ke Tudun Wadan Kaduna ta aiko mini da wannan: "Malam, muna karanta Shaihu Umar a aji, sai wata yarinya ta ce ta ji labarin wani littafin Amurka, Uncle Tom's Cabin, wai shi ya kashe bauta a can. Ta tambaye ni ko Shaihu Umar ne namu irinsa. Na ce mata e, amma har na koma gida raina bai kwanta ba. Shin littafi ya taɓa kashe bauta? Kuma su biyun tafiyarsu ɗaya?"

Amsa

Malama, gara da ranki bai kwanta ba. Littafin Amurkan bai kashe bauta ba, yaƙin basasa da gyaran kundin tsarin mulki suka kashe ta. Kuma tafiyar littattafan biyu ba ɗaya ba ce, ko da yake duk akwai uwa da ɗa da aka raba a cikinsu. Abin da ya bambanta su shi ne inda kowane marubuci ya tsaya game da dokar da ke kan bawa a ƙasarsa. Ni abin da na daɗe ina koyarwa ke nan, tarihin shari'a, don haka ki yi haƙuri in na ja zancen ta wannan ɓangaren fiye da ta adabi, wanda ke kika fi ni sani.

Bari mu fara da Amurka. A watan Satumba na 1850 majalisar ƙasar ta yi wata doka kan gudajjun bayi. Kafin nan ma akwai irinta tun 1793, sai dai jihohin arewa, waɗanda suka daina bauta, sun yi ta yi mata riƙon sakainar kashi. Ta 1850 ta zo da haƙora. Wanda aka kama aka ce gudajjen bawa ne, ba a kai shi gaban ayarin talakawan da ke taya alƙali yanke hukunci, gaban kwamishina guda ake kai shi. Ba shi da ikon buɗe baki ya ba da shaida a kan kansa. Kwamishinan nan in ya miƙa mutumin ga mai da'awa ladansa dala 10, in ya sake shi dala 5. An ce wai aikin takardun miƙawa ya fi yawa shi ya sa, amma kowa ya san inda ma'aunin ya rinjaya. Duk wanda ya ɓoye gudajje ko ya taimake shi, tarar dala 1,000 da ɗaurin da zai iya kai wata shida. Jami'i kuma na iya kiran duk wanda ke tsaye a wurin ya taya shi kamu. Kin ga ke nan mutumin Boston da bai taɓa mallakar bawa ba, doka ta mai da shi ɗan farautar bayi, ko yana so ko ba ya so.

Harriet Beecher Stowe, marubuciyar Uncle Tom's Cabin, ta yi shekara 18 a Cincinnati, garin da kogin Ohio kawai ya raba shi da Kentucky, ƙasar bayi. A nan ɗanta ɗan wata 18 ya rasu da cutar kwalara a 1849, kuma ita da kanta ta ce a bakin kabarinsa ta gane abin da baiwa ke ji in an fizge mata ɗa. Da dokar 1850 ta fito sai ta ɗauki alƙalami. Labarin ya fara fita kashi-kashi a jaridar National Era daga Yuni 1851, ya zama littafi a Maris 1852, kuma a shekarar farko an sayar da kwafi wajen 300,000 a Amurka kaɗai. Ƙaramin taken da ta fara sa masa ma'anarsa "mutumin da ya kasance kaya". Daga baya ta sauya, amma wannan taken na farko shi ne zuciyar littafin.

Abin da masu karatu da yawa ba sa lura da shi, duk wata masifa a labarin doka ce ke haifar da ita, mugun mutum daga baya yake shigowa. Tom shi ne bawan da labarin ke kansa. Ubangidansa na farko, Shelby, mutumin kirki ne daidai gwargwado. Bashi ya ci shi, takardun bashin suka faɗa hannun dillalin bayi, bawa kuwa dukiya ce da ake biyan bashi da ita kamar doki ko gona. Sai ya sayar da Tom da wani yaro ƙarami, Harry, ɗan baiwar matarsa Eliza. Auren Tom da matarsa, da auren Eliza da mijinta, babu kotun da ta san da su, domin a jihohin kudu auren bawa ba aure ba ne a gaban shari'a. Ubangida na biyu, St. Clare, har alkawarin 'yanci ya yi wa Tom, ya fara shirin takardu, sai aka soke shi da wuƙa a wajen rabon faɗa ya mutu. Alkawarin ya bi shi kabari, matarsa ta tura bayin gwanjo. Haka wata baiwa a labarin, Cassy, wadda ubanta Bature ne mai arziki, ya sa ta makaranta, kullum yana cewa zai 'yanta ta, ajali ya riga shi, aka lissafa ta cikin kayan gado. Dalili kuwa tsohuwar ƙa'ida ce da Virginia ta kafa tun 1662, cewa ɗa matsayin uwarsa yake bi. Uba na iya zama gwamna, in uwar baiwa ce ɗan bawa ne, kuma uban na iya sayar da shi.

Inda ya fi taɓa ni a matsayina na mai nazarin shari'a shi ne kusa da ƙarshe. Legree, ubangidan Tom na ƙarshe, ya sa an yi wa Tom dukan da ya kashe shi. Ɗan Shelby ya iso a makare, ya ce zai kai ƙara gaban alƙali. Legree ya yi masa dariya, ya ce a ina zai samo shaidu. Yaron ya waiga, gandun cike da mutanen da suka gani da idonsu, amma babu farar fata ko ɗaya, kotunan kudu kuwa ba sa karɓar shaidar baƙi a kan fari. Kisa haramun ne a takarda, sai dai ƙa'idar shaida ta rufe ƙofar kamawa. Duk wanda ya taɓa zama a kotu ya san haƙƙin da ba a iya tabbatarwa sunansa kawai haƙƙi.

Akwai kuma babin sanata Bird na Ohio, wanda zan so ɗalibanki su ji ko da a taƙaice. Ya dawo daga majalisa inda ya goyi bayan dokar hana taimakon gudajju, yana yi wa matarsa bayanin maslahar ƙasa, tana ce masa ita dai in mai yunwa ya zo ƙofarta za ta ba shi abinci. Suna cikin haka sai ga Eliza a kicin ɗinsu, ƙafa duk jini, ta tsallako kogi a kan ɓaraguzan ƙanƙara da ɗanta a hannu. A daren sanatan da kansa ya sa ta a keken doki ya kai ta maɓoya. Stowe mai karatu take yi wa magana a nan: kai ma da ka ce a bi doka, in ta tsaya a ƙofarka fa?

'Yan kudu suka ce ƙarya ta shara. Sai Stowe ta mayar da martani a 1853 da wani littafi, A Key to Uncle Tom's Cabin, wanda babu ƙage a cikinsa, dokoki ne da hukunce-hukuncen kotu da tallan gwanjon bayi daga jaridu. A ciki ta kawo shari'ar da har yau ake koyar da ita, wadda Kotun Ƙolin North Carolina ta yanke a 1829. Wani John Mann ya ɗauki hayar wata baiwa, Lydia. Ya tashi hukunta ta, ta ruga, ya harbe ta ya ji mata rauni. Ƙaramar kotu ta same shi da laifi. Alƙali Thomas Ruffin ya soke hukuncin, ya rubuta cewa tilas ikon ubangida ya zama cikakke domin biyayyar bawa ta cika. Abin mamaki, a cikin hukuncin ya yarda cewa zuciyarsa ta mutum ba ta son abin da yake rubutawa, amma ya ce a matsayin alƙali ba shi da mafita. Stowe ba ta zage shi ba. Cewa ta yi ga mutum mai gaskiya ya faɗi abin da tsarin yake nufi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ta sake gina wani ƙagaggen labarin a kan wannan shari'a a 1856.

Dokar ma ba ta bar littafin ya sha iska ba. A Maryland, a 1857, an yanke wa wani baƙin mai wa'azi, ɗa ba bawa ba, Samuel Green, ɗaurin shekara goma don an sami kwafin littafin a gidansa. Ya yi biyar aka sake shi da sharaɗin ya bar jihar, ya tafi Kanada. William Wells Brown kuwa, wanda shi kansa gudajjen bawa ne, a Landan ya buga nasa labarin, Clotel, a 1853, domin in ya taka ƙasar haihuwarsa dokar 1850 tana jiransa.

To shin ya sauya doka? Ki dubi jerin shekarun. Littafi 1852. Shekara biyar bayan haka, a 1857, Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Dred Scott ta ce baƙar fata, bawa ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne, kuma majalisa ba ta da ikon hana bauta a sababbin yankuna. Wato doka gaba ta ƙara yi wajen tsanani. Yaƙi ya ɓarke a 1861, shelar 'yanci ta Shugaba Lincoln ta fara aiki 1 ga Janairu 1863, dokar gudajju ba a soke ta ba sai 1864, gyara na 13 ga kundin tsarin mulki ya tabbata a Disamba 1865, bayan mutum fiye da 600,000 sun mutu. Bayi kusan miliyan huɗu ne suka fita. Maganar da ake yawan jingina wa Lincoln, wai ya ce wa Stowe ke ce 'yar matar da ta haddasa wannan babban yaƙi, sun dai haɗu a 1862, amma maganar sai bayan shekara talatin da wani abu ta ɓulla a rubuce, don haka kada ki ba yara ita a matsayin tabbas. Abin da littafin ya yi shi ne ya sa dubban mutanen arewa jin kunyar bin dokar. Ya zuwa 1854 sai da aka jibge sojoji a titunan Boston kafin a iya mayar da gudajje guda, Anthony Burns. Dokar da sai da bataliya ake aiwatar da ita ta fara mutuwa ke nan. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma littafin ɗaya ne daga cikin hannuwa da yawa, ciki har da na bayin da suka gudu da ƙafarsu suka kuma rubuta tarihin kansu, irin su Frederick Douglass.

Yana da nasa aibin. Baƙaƙen da suka tsira a ƙarshe Stowe ta tura su Laberiya, kamar Amurka ba za ta ɗauke su 'yantattu ba, kuma haƙurin Tom ya yi yawan da sunansa ya koma zagi a bakin baƙaƙen Amurka.

Mu dawo gida. Shaihu Umar ya fito ne daga gasar da Dakta Rupert East na hukumar talifi ta Zariya ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, aka buga shi a 1934. Marubucinsa, Abubakar Tafawa Ɓalewa, lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Bauci. Labarin kin fi ni saninsa: malami a Rauta yana ba almajiransa tarihinsa, yadda aka sace shi yana yaro, ya bi hannu-hannu har Kano, Balarabe Abdulkarim ya ƙetara Sahara da shi ya ba shi ilimi, uwar ta fita nemansa ita ma ta faɗa bauta, suka haɗu a Turabulus tana gab da cikawa.

Tambayar da mai nazarin shari'a zai yi ita ce, a dokar ƙasar Hausa ta wancan zamani, bautar da Umar da uwarsa halal ce? Amsa a'a. 'Ya'ya ne, Musulmi ne, kuma malamai sun daɗe da rufe wannan babi. Tun 1615 Ahmad Baba na Tambutu, da mutanen Tuwat da ke cikin Sahara suka aiko masa da tambaya kan bayin da ake kawowa daga ƙasar baƙaƙe, ya amsa cewa launin fata ba shi ne sababin bauta ba, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Gobir da Barno da Songhai a cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya haramta bautar da 'ya'ya Musulmi, kuma sayar da su na cikin ƙorafe-ƙorafen da jama'arsa suka yi a kan sarakunan Haɓe. Saboda haka abin da mai karatu ke yi wa kuka a Shaihu Umar karya doka ne: sata, yaudara, cin amana. Abin da ake yi wa kuka a littafin Stowe kuwa bin doka ne sau da ƙafa. Nan ne suka rabu.

In kina son ki gani da idonki, ki koma farkon littafin, wajen harin da sarki ya tura su Makau, mijin uwar Umar, ƙasar Gwari. An faɗa wa manoma, an kamo mutane, an dawo. Rikicin da ya biyo baya, wanda ya jawo korar Makau, a kan me? A kan sharrin da abokan gaba suka yi masa cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin bai kawo wa sarki ba. Zaluncin da labarin ya tsaya a kai shi ne wanda aka yi wa Makau. Waɗanda aka ɗaure aka koro daga gonakinsu ba su da suna, ba mu ji uwar kowa a cikinsu tana kuka ba. Mu da ke zaune a Kaduna bai kamata wannan shafi ya wuce mu haka nan ba. Garin nan a ƙasar Gbagyi aka kafa shi, kuma zai yi wuya a ce ajinki babu jikar waɗanda aka kai wa irin wannan hari, ko daga nan ko daga kudancin jihar inda mayaƙan Zazzau suka yi ta kai farmaki, har bayi na cikin gaisuwar da ake aika wa Sakkwato.

Kada kuma a ce dokokin biyu ɗaya ne, don ba ɗaya ba ne. Ki ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Unguwar Sanusi da Rigasa har gobe. A ciki ba a raba uwa da ɗanta a ciniki sai yaron ya yi famfara, wato cinikin da ya sa Eliza tsallaka kogi ɓatacce ne a wannan ƙa'ida. Ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangidanta ba a sayar da ita, ran da ya mutu ta zama 'ya, ɗanta kuwa ɗa ne, yana gado, yana iya hawa gadon sarauta, kuma sarakuna da dama a ƙasar nan 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne. Cassy a nan da magajiya ce a gidan ubanta. Auren bawa da izinin ubangida aure ne. Wanda ya nakasa bawansa da gangan, alƙali na 'yanta bawan. Ga 'yantawa don kaffara, ga yarjejeniyar fansar kai. Amma a Risalar nan dai shaidar bawa ba ta karɓuwa, kuma ba a kashe ɗa saboda ya kashe bawa. Tambayar Legree, ina shaidunka, da ta yi aiki a nan ma. Ɗan bayi biyu kuwa bacucane ne, a bauta ya buɗe ido. Sannan tsakanin abin da ke cikin littafi da abin da ke faruwa a rinji ko a hanyar Sahara akwai tafiya mai nisa. Wa zai tsayar da ayari a tsakiyar hamada ya tambayi asalin yaro? Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta bayin daular Sakkwato a wajen 1900 tsakanin miliyan ɗaya zuwa biyu da rabi. Masu cewa tamu bautar wasa ce su riƙa tuna wannan adadi.

Ki kuma gwada Abdulkarim da St. Clare. Dukansu iyayen gida ne masu tausayi. Stowe ta ƙirƙiri nata ne don ta kashe shi, ta nuna cewa kirkin ubangida ba garkuwa ba ne tun da ransa ba a hannunsa yake ba. A wajen Ɓalewa kirkin ubangida ya yi aiki: yaro ya sami uba, ya sami karatu, ya zama shaihi. Mai karatu zai rufe littafin yana cewa Allah ya haɗa bawa da ubangida nagari. Mai karatun Stowe kuwa so take ya rufe yana cewa kada kowa ya zama ubangidan kowa.

Me ya sa Ɓalewa ya tsaya inda ya tsaya? A nan sai mun dubi dokar da ke aiki ranar da yake rubutu, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure, don ana zaton zuwan Turawa da mutuwar bauta rana ɗaya ne. Shelar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ta kuma soke matsayin bauta a gaban kotunan gwamnati. Amma mallakar bawa ba ta zama laifi ba. Wanda ke hannu yana nan a hannu. Lugga ba shi da sojojin da zai riƙe ƙasa in sarakuna da attajirai suka juya masa baya, ba shi da kuɗin diyya irin fam miliyan 20 da Ingila ta biya masu bayi a 1833, yana kuma tsoron gandaye su mutu haraji ya faɗi. Da bayi suka fara guduwa da yawa bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, manufar gwamnati ta zama a hana su: kada a ba gudajje gona, kada a bar shi ya raɓe a bariki, a nuna masa hanyar kotun alƙali ya je ya fanshi kansa. Sai aka ɗauko tsohuwar al'adar murgu, inda bawa ke aikin kansa yana biyan ubangida wani abu a kai a kai, aka haɗa ta da biyan kuɗin fansa kaɗan-kaɗan. Bawan ne ya biya diyyar da Ingila ba ta biya ba.

Na yi watanni ina zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon, lokacin ina rubutun digirina. Wata safiya ta hunturu aka kawo mini wani fayil da igiya a ɗaure, takardun sun yi ja, gefensu na karyewa in ka juya da gaggawa. Rajistar 'yantattun bayi ce ta wani lardi. Layi-layi ne da jan rula: suna, namiji ko mace, shekaru, ƙabila, yadda aka 'yanta, sai gurbin ƙarshe na inda aka yi da mutum. Maza galibi an rubuta an bar shi ya bi ra'ayinsa. Mata kuwa, shafi bayan shafi, wani ya fanshe ta, an aurar da ita ga wanda ya fanshe ta. Na daɗe ina kallon gurbin shekarun, don da yawa ba su wuce sa'o'in ɗalibanki ba. A takarda 'yanci ne. In ka cire sunan da aka sa masa, mutum ya ba da kuɗi, yarinya ta tashi daga wannan gida ta koma nasa, kotu ta buga hatimi. Lovejoy da Hogendorn sun nuna cewa ta wannan ƙofa aka ci gaba da samun ƙwaraƙwarai shekaru da dama cikin mulkin Turawa, sun kuma ƙirga fiye da mutum 100,000 da suka sami 'yanci ta hanyar kotuna kafin 1930. Sunan littafinsu ma'anarsa mutuwar bauta a hankali, kuma sunan ya dace.

Ba a haramta bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936, bayan matsin lambar Majalisar Ƙawancen Ƙasashe da yarjejeniyarta ta 1926. Birazil ma ta bi wannan dabara ta 'yanta abin da ke ciki a bar uwa, a 1871, amma shekara 17 ta yi ta ƙarasa. Mu 35 muka yi. Yanzu ki sa Shaihu Umar a kan wannan ma'auni: 1934. Mutumin da aka haifa a rinji cikin Maris 1901 yana da shekara 33 a ranar da littafin ya fito, kuma bai fita daga hannun ubangidansa ba in bai fanshi kansa ba. Littafin hukumar gwamnati ce ta buga shi, don makarantun da 'ya'yan sarakuna da hakimai suka cika, a ƙarƙashin mulkin da ya jingina da iyayensu. Stowe tana arewa tana jifan kudu, da jaridu da coci-coci da jam'iyya a bayanta. Saurayin malamin Bauci a tsakiyar gidan yake zaune. Ban ce tsoro ne ya hana shi ba, don ban ga alamar cewa ya ɗauki aikinsa a matsayin yaƙi da doka ba tun farko. A ganina labarin ƙaddara da haƙuri da darajar ilimi ya zauna rubutawa, bauta kuwa ita ce duniyar da labarin ya faru a ciki.

Duk da haka kada ki rage masa. A lokacin da masu kai harin da waɗanda aka kai wa suna raye, ya ɗauki ɗan gida, mai uwa da asali, ya sa masa igiya a wuya, ya tilasta wa ɗan hakimi mai karatu ya bi shi taki-taki har bayan hamada. Ya nuna cewa katangar da malamai suka gina tsakanin wanda ya halatta a kama da wanda bai halatta ba, kasuwa ba ta san da ita ba: muddin akwai mai saye a Kano da Murzuƙ ta ƙasar Libiya, ɗan kowa na iya zama haja. Uwar Umar kuma, wadda ta bar gida da ƙafarta ta ƙare a ƙasar da ba ta jin harshenta, ba na jin akwai wanda ya karanta ƙarshenta ya tashi yana sha'awar zamanin. Wannan suka ce, ko da ba a ɗaga murya ba.

Ga yarinyar da ta yi tambaya, ki ce mata Malam ya ce ta yi tambayar manya. Ki gaya mata na Amurka ƙara ce aka shigar da doka gaban jama'a, namu kuwa shaida ce ta abin da ya faru da mutane a lokacin da dokar ma ba a bin ta. In kina da hali ki nemi izini ki kai su Arewa House da ke titin Rabah ko gidan adana takardun, su ga rajistar da idonsu. In babu hali, ki karanta musu wani yanki na tarihin Baba ta Karo, wata tsohuwa da ke zaune a ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta bakinta a wajen 1950, inda take ba da labarin rinjin gidansu da yadda mahara suka kama matan danginta aka yi ta haɗa kuɗin fansa. Abu ɗaya kawai zan roƙe ki: kada ki ba su aikin gida na su je su tambayo asalin gidajensu su kawo aji. Na taɓa yin wannan kuskure da ɗaliban jami'a, manya ma, kuma kafin mako ya ƙare wata ta daina zama kusa da ƙawarta. Har yau a garin nan ana aika tsofaffi binciken asali kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, kuma kin san kalmar da suke zuwa nema.